Hunturu ya lanƙwasa min wuyan bes, me zan yi?

Ɗan Bukuru: Salama gare ku iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina cikin damuwa, kuma ranar Lahadi ni zan riƙe bes, wato jita mai kaurin murya, a sujada. Tun da iskar hunturun nan ta fara kaɗawa tsirkiyoyin jitata suka ɗaga sama, yanzu in zan danne su a tsakiyar wuya sai na sa ƙarfi sosai. Jiya na yi minti 40 ina gwaji, yatsuna suka yi jawur. Ga kuma bakin ƙarafan nan na jikin wuya sun leƙo ta gefe suna kartar min tafin hannu. Ƙirar kamfanin Ibanez ce mai tsirkiya 4, ta hannu na saya wata 8 da suka wuce. Ta lalace ke nan?

Baba Sabon Gari: Kwantar da hankalinka ɗana, ba ta lalace ba. Ƙishirwa take ji. Icen da ke fuskar wuyan nan yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi, to da hunturu ya zo sai ya bushe ya tsuke. Tsirkiyoyi kuwa ba su daina jan wuyan gaba ba dare da rana, shi ya sa ya ranƙwafa kamar baka. Ƙarafan da kake cewa sun leƙo, ba su ne suka ƙara tsawo ba, icen ne ya ja da baya ya bar su a waje. Ni a Kano duk shekara sai na taɓa tawa sau biyu, farkon hunturu da farkon damina.

Kafin ka taɓa komai ka fara aunawa. Ka saita ta yadda kake kaɗawa, ka danne babbar tsirkiya a ƙarfe na 1, wanda ya fi kusa da kan jitar, da hannun hagu, ka danne ta kuma a inda wuya ya haɗu da gangar jiki da hannun dama. Sai ka sa wani ya duba tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da ƙarfe na 7 ko na 8. Ya kamata ta zama 'yar kaɗan, kamar kaurin katin waya na kankarewa. In katin banki ya shige yana wasa, wuyan ya lanƙwashe da yawa.

Ɗan Bukuru: Na auna yanzu Baba, ƙanwata ta riƙe min. Katin banki ya shige har da sauran wuri.

Baba Sabon Gari: To shi ne. Akwai dogon ƙarfe a cikin wuyan, bakinsa yana can sama kusa da kan jitar, a ƙarƙashin wani ɗan murfin roba mai kusoshi. Ka sassauta tsirkiyoyi tukuna. Ka sa alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida na juya kusa, ka juya dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kwatan zagaye kawai, ko ma rabin kwata. Ka mayar da saiti ka bar ta ta kwana. Ice ba ya amsawa nan take, sai ya huce. Gobe ka sake aunawa. In ka ji ƙarfen ya yi tauri ya ƙi juyawa, ka zare hannunka, kada ka yi masa dole.

Injiniya Kakuri: Ina ƙara jan layi a kan maganar Baba ta ƙarshe. Kuma ƙanena ka tabbata alankin ya zauna daram. Yawancin na Asiya milimita 4 ne ko 5, na Amurka kuwa da ma'aunin inci suke zuwa. In ka sa wanda ya yi masa kaɗan yana lilo, zai cinye bakin ƙarfen ya zama kamar rijiya, daga nan babu abin da zai sake kama shi. An taɓa kawo min wata Yamaha da wani mai gyaran rediyo ya yi wa zagaye uku a zama ɗaya, ƙarfen ya karye a ciki. Mai ita ya zauna a bencina ya yi shiru ya fi minti goma, domin bashi ya ci ya saye ta.

Ladi Mai Bes: Ɗan Bukuru, a ina kake ajiye ta?

Ɗan Bukuru: A jingine a bango Anti, kusa da taga. Jakar zif ɗinta ya mutu.

Ladi Mai Bes: To ga tushen ciwon nan. Iskar Jos da ke fasa mana leɓe da dunduniya kake bar mata tana dukanta kwana da kwanaki. Ka kai jakar wajen mai gyaran takalmi ya canza zif yau ɗin nan. Ka samu gidan sabulu na roba, ka huda murfin wuri biyar ko shida, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ciki ka rufe, ka jefa cikin jakar. Duk kwana uku ka duba. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya zauna wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100, mu kuwa da hunturu yana faɗowa ƙasa da 20. Wani lokaci da wannan soson kaɗai bakin ƙarafan ke komawa ciki bayan sati biyu ko uku. Kada ka yi gaggawar goge su da magagari.

Sani Zoo Road: Ni man kaɗanya nake shafa wa wuyan tawa. Laifi ne?

Injiniya Kakuri: Malam Sani ka daina don Allah. Man kaɗanya, man gyaɗa, man zaitun, duk na ci ne, suna daɗewa su yi ɗoyi su yi danƙo, ƙura ta manne. Ɗan farin man nan marar ƙamshi da ake sayarwa a kemis ya isa, ɗigo uku ko huɗu a tsumma, ka shafa, ka bar shi minti biyar ka goge tas. Sau ɗaya ko biyu a shekara. Kuma ga wuya mai baƙin ice kawai. Wanda fuskarsa fara ce mai sheƙi an riga an rufe shi da fenti, mai ba ya shiga.

Baba Sabon Gari: Tun da an zo kan tsafta, ɗana yaushe rabon da ka canza tsirkiya?

Ɗan Bukuru: Waɗanda na same ta da su ne Baba. Na tambayi kuɗin sababbi na asali, sai na fasa.

Ladi Mai Bes: Duk mun san wannan. Ka cire su, ka naɗe, ka tafasa a tsohuwar tukunya minti 10 zuwa 15. Za ka ga daudar da za ta taso kan ruwan, gumin hannun mai ita na farko da naka duka. Ka tsame ka goge, ka shanya su bushe ƙarau kafin ka mayar, in ba haka ba tsatsa za ta ci su daga ciki. Muryar tana dawowa, amma ba ta wuce sati biyu zuwa uku.

Injiniya Kakuri: Ni na fi son jiƙa su a sifirit su kwana, ba ruwansu da tsatsa. Kuma ko wanne ka yi, kada ka wuce sau biyu, wurin da suke naɗewa a kan maɗauri yana gajiya ya tsinke. Ku kula da jabu kuma. Kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma sati ɗaya sun yi baƙi. In za ka saya ka nemi lamba 45 zuwa 105, shi ne matsakaicin kauri. Kada ka sa masu kauri yanzu da wuyan ke fama.

Baba Sabon Gari: Ni fa ban gane wannan neman ƙarar tsirkiya da yaran yanzu ke yi ba. Nawa masu santsi ne, shekara 6 ke nan suna kai, kuma kullum daɗi suke ƙarawa. James Jamerson da ya kaɗa wa kamfanin Motown yawancin waƙoƙinsu a Ditiroyit, bes ƙirar Fender Precision ce a hannunsa, tsirkiya masu santsi, ba ya canzawa sai in ta tsinke, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Ya rasu tun 1983, har yau makarantun kiɗa suna bin sawunsa. Bes ba ta ƙara ba ce, ta nauyi ce. A ƙirji ake jin ta.

Ladi Mai Bes: Ranka ya daɗe Baba, da girmamawa, kiɗan da muke yi a coci yanzu ba zai yiwu da matattun tsirkiyoyi ba. In mawaƙa suka shiga yabo mai sauri, aka koma salon makosa na Kamaru, dole kowane bugu ya fito fes. Kuma ni mai tsirkiya 5 nake riƙewa, domin mai fiyano yana yawan sauke waƙa ƙasa saboda muryar mai ja, in babu ta biyar ɗin nan sai in rasa ƙasan da zan taka. In ta biyar ta mutu, ba ka jin komai sai gunji.

Baba Sabon Gari: Wannan kam gaskiyarki ce 'yata. Kiɗanku daban, nawa daban. Ni na taso ina kallon ƙungiyar Bala Miller a talabijin daga Kaduna, sannan rege ya ɗauke ni. Wanda ya gina min kunne shi ne Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, wanda ya rasu a Fabrairun 2024. Ku saurare shi da kyau, ku ƙirga wuraren da ya yi shiru. Yakan bar bugun farko fanko, sai ka ji jikinka ya faɗa ramin da kansa. Na shekara biyu ina koyon cire hannu kawai.

Ɗan Garwa: Gaisuwa daga Kamaru. Anti Ladi ta ambaci makosa, ba zan iya yin shiru ba. A wajenmu bes ita ce amarya, ba 'yar rakiya ba. Ku duba Richard Bona, Etienne Mbappé, Armand Sabal-Lecco, duk 'yan ƙasa ɗaya. Bona an haife shi a Minta a 1967, jita yake kaɗawa a wani kulob a Duwala, sai ya ci karo da faifan Jaco Pastorius, shahararren mai bes na Amurka, daga ranar ya koma bes. Abin da nake so ƙaninmu ya ɗauka daga gare shi ba gudun yatsa ba ne. Yana rera abin da yake kaɗawa da bakinsa a lokaci guda. Ka gwada, Ɗan Bukuru. Duk layin da ba za ka iya rerawa ba, ba ka san shi ba tukuna, yatsunka ne kawai suka haddace.

Sani Zoo Road: Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai, amma shi ne halin da ake ciki. A sitidiyonmu na nan Kano na manta rabon da mawaƙi ya ce a kira masa mai bes. Hannun hagu a kan fiyano, ko a zana a kwamfuta, minti biyar an gama. Mawaƙi ya zo da kuɗin waƙa ɗaya, yana son ya fita da ita yau, gobe tana TikTok. Kuma a wayar hannu za a ji ta. Babbar tsirkiyarku tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar ɗin Anti Ladi wajen sau 31, sifikar waya ba ta san da zamansu ba. To don me zai biya ku? Ni kaina bes na fara koya, tana nan rataye a bango tana shan ƙura, kuma raina yana sosuwa duk lokacin da na kalle ta.

Ladi Mai Bes: Malam Sani wannan magana ta taɓa ni.

Injiniya Kakuri: Rabin maganarka daidai ne. Waya ba ta fitar da ƙasan, amma tsirkiya ba sauti ɗaya take yi ba. A saman wancan 41 ɗin akwai 82, akwai 123, haka har sama, kuma kunne yana jin waɗannan ya cike na ƙasan da kansa. Shi ya sa kake gane layin bes na tsofaffin waƙoƙi ko a ƙaramar rediyo. In ka ɗauki bes ta gaske ka ɗaga mata sautin tsakiya, wajen kaɗawa 700 zuwa 800 a daƙiƙa, ta fi bes ɗin kwamfuta fitowa a waya, domin akwai karcin yatsa a ciki. Ka sauke ta daga bangon nan ka gwada a waƙa ɗaya, kada ma ka gaya wa mawaƙin.

Ɗan Agadas: Assalamu alaikum. Malam Sani ka zo Agadas lokacin bukukuwa ka gani. A nan biki ba ya cika sai da jita, a fili, a kan tabarma, yashi yana tashi. 'Yan ƙungiyar Etran de l'Aïr sun fi shekara 25 suna wannan aikin a unguwanni kafin Turai ta san su. A Yamai kuma 'yan ƙungiyar Tal National suna kwashe awanni suna kaɗawa a dare ɗaya, har sai sun riƙa canjin hannu. A kiɗanmu mai bes zai iya zama a kan sauti biyu ko uku na minti goma, jitoci suna yawo a samansa. Baƙo yana gani ya ce ai da sauƙi. Ba shi ya riƙe, kafin minti uku ya fara gudu, mata masu rawa su tsaya suna kallonsa. Matsalarmu ɗaya ce, ƙura. Tana shiga maɓallan ƙara sauti su riƙa ƙara kamar ana taka yashi, tana shiga ramin kebul. Ni buroshin fenti sabo nake yawo da shi a aljihun jaka.

Baba Sabon Gari: Ɗan Agadas ka faɗi abin da na daɗe ina faɗa. Mu Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Ku saurari makaɗan Shata, kalangu ɗaya yana magana, sauran sun dafe ƙasa ba sa motsi. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a kuntiginsa ya riƙe ƙasar nan har ya koma ga Allah a 2015. Leo Fender ya fito da Precision a 1951, amma aikin da take yi kakanninmu sun san shi. Hatta ƙarfen nan da tsirkiya ke hawa a ƙasan jita, masu goge da garaya suna da sunansa, jaki suke ce masa, domin shi ke ɗaukar kaya.

Ɗan Bukuru: Kai, na ƙaru. Wata tambaya kuma, an gayyace mu biki ƙarshen wata, karo na farko da zan fita wajen coci. Da janareta za a yi. Me zan kiyaye?

Injiniya Kakuri: Ranka za ka kiyaye kafin komai. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul. In wutar wurin ba ta da wayar ƙasa, wani abu ya lalace, kai ne za ka zama hanyar da wuta za ta bi, musamman in hannunka yana kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo. Na ga wannan da idona a wani biki bayan an yi yayyafi. Mawaƙin yana riƙe da jita, ya matso zai yi magana, sai muka ji tas, ya yi baya ya faɗi kan gangar ƙafa. Allah ya sa da sauran kwana, amma leɓensa ya ƙone. Da muka duba, wani ne ya karye ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket.

Don haka kada ka yarda a karye ƙafar nan. A kafa ƙarfe a ƙasa a haɗa da janareta. Ka sa takalmi mai roba, kada ka tsaya a jiƙaƙƙen wuri. Ka tafi da abin gwada wuta ka taɓa makirfo da tsirkiya kafin a fara. A tayar da inji ya daidaita kafin ka kunna amfilifaya, a kashe amfilifaya kafin a kashe inji, kuma in da hali ka bi ta sitabilaiza. Kada a haɗa ku layi ɗaya da firiza. Sai sifika: om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, in an rubuta om 4 a bayan amfilifayarka, sifika biyu masu om 8 sun yi daidai, amma biyu masu om 4 sun zama om 2, za ta yi zafi ta ƙone ana tsakiyar rawa.

Ladi Mai Bes: Taka mai batir ce?

Ɗan Bukuru: E Anti, akwai ɗan murfi a baya.

Ladi Mai Bes: To ka riƙa zare kebul daga jikinta duk lokacin da ka ajiye, domin muddin yana ciki batirin yana ci ko ba ka kaɗawa. Ka sa sabon mai bolt 9 a jaka, da kebul na biyu. Sannan maganar kuɗi, ku yi ta tun kafin ranar, ku karɓi kafin alƙalami. Mun taɓa yin awa biyar a wani biki, muka ɗauko kaya a motar haya da kuɗinmu, da aka tashi wanda ya kira mu ya kashe waya. Ƙarfe ɗayan dare muna tsaye bakin titi da sifiku. Kuma ku yi yarjejeniya a kan liƙi. Mai waƙa ke gaba, shi ake liƙa wa, kai kana baya kusa da mai ganga babu mai ganinka. A ƙungiyarmu yaro ɗaya ke tsince kuɗin a leda, a ƙirga a gaban kowa, a raba.

Ɗan Garwa: Kuma ka tsaya inda kake ganin ƙafar mai ganga. In sifikar gabanka ta mutu, idonka zai riƙe maka kiɗan.

Sani Zoo Road: Injiniya, jiya da dare na sauke ta daga bango. Tsirkiyoyin sun yi tsatsa, ta uku ma ta tsinke ina ɗaurewa. Na aika a sayo min saiti a Sabon Gari. Akwai wata waƙar biki da zan haɗa ranar Litinin, a kanta zan gwada.

Baba Sabon Gari: Madalla Sani. In ka shigo kasuwar ka biyo ta wajena da ita, in duba maka wuyan kafin ka ɗaura sababbi.

Ɗan Bukuru: Iyayena ga rahoto, yau Asabar. Alanki mai milimita 4 ne ya zauna. Ranar Alhamis na yi rabin kwata, ta kwana, jiya na ƙara rabin kwata. Yanzu katin banki ba ya shiga, katin waya yana shiga da ɗan gogawa. Na tafasa tsirkiyoyi, ruwan ya koma kamar na wankin tsumma. An gyara zif, soso yana ciki. Na yi gwaji awa ɗaya da rabi yatsuna ba su yi ciwo ba. Sai dai tsirkiya ta biyu tana ɗan zizar ƙarfe a wajen ƙarfe na 3, kuma bakin ƙarafan har yanzu suna karta.

Baba Sabon Gari: Bar ƙarfen wuya haka, ya isa. Ka je kan jaki, ƙarƙashin tsirkiyar da ke zizar akwai ƙananan kusoshi biyu, ka ɗaga su rabin zagaye kowanne, daidai da juna. Ƙarafan kuma ka ba soso sati uku. In ba su koma ba ka faɗa a nan, Injiniya zai nuna maka yadda ake rufe icen da salatif kafin a goge.

Ladi Mai Bes: Gobe ka sa ƙanwarka ta ɗauko mana ko minti ɗaya ne, ta tsaya kusa da sifikarka, muna so mu ji.